Yadda Ƙaguwa Ta Sauko da Kakata Daga Bene

Gidanmu a unguwar Hindawiyya ta birnin Jidda yana can ƙololuwar wani tsohon bene da ba shi da na'urar hawa. Wanda ya gina matakalarsa, ina kyautata zaton yana da tsohuwar gaba da gwiwoyin mutane. Mai kawo mana tukunyar gas in ya iso ƙofa, sai an ba shi ruwa an yi masa fifita kafin ya tuna abin da ya kawo shi. A can saman ne kakata, mahaifiyar Baba, ta maƙale bara bayan an yi mata aikin gwiwa.

Likita ya ce aiki ya yi kyau, saura tafiya. Ya ce in ba ta riƙa taka ƙafar ba za ta sandare, in kuwa ta sandare to shi ke nan, ita da ƙasa sai dai a riƙa ɗaukar ta a kujera. Kaka ta saurare shi da ladabi, ta sa masa albarka har da 'ya'yansa da ba ta sani ba. Aka hau da ita gida a kujera, ta zauna bisa gadonta gaban talabijin, ta ƙi tashi. Daga gado sai banɗaki, daga banɗaki sai gado. Umma ta lallaɓa, Baba ya yi nasiha, dangi suka yi ta bugo waya daga Sudan. Amsarta ba ta canzawa: me ke waje da ba ta gani ba? Ta ga mota, ta ga kyanwa, ta ga hankaka. Kakana magini ne, kuma da yana raye shi ke zagayawa da ita yana nuna mata gidajen da ya sa wa hannu. Tun da ya rasu titi ya daina ba ta sha'awa.

Ni kuma a gidanmu sunana ya riga ya ɓaci wajen ba da labari. Ba ƙarya nake yi ba, gishiri nake ƙarawa, sai dai hannuna ya cika nauyi. Na taɓa cewa na haɗu da ɓera a matakala wanda sai da na matsa masa ya wuce, tun daga ranar duk abin da na faɗa sai a raba shi biyu a jefar da rabi. Kaka ce kaɗai ke jin daɗin labaraina. Maigida take kira na, irin wasan kaka da jika, tana cewa ta yi rashin sa'ar miji, ba cefane sai surutu.

Wata rana da la'asar muna kallon shirin namun daji, aka nuno wata dabba a wani kogi na ƙasashen sanyi. Kamar gafiya take, sai dai ta fi ta ƙiba, wutsiyarta faffaɗa kamar marfin tukunya, haƙoranta jajaye kamar ta shekara tana cin goro. Balaraben da ke bayani ya kira ta ƙundus. Tana sare bishiya da haƙori, ta ja reshe cikin ruwa, ta jera, ta kwaso laka ta liƙe, har ta tare kogi guda. Sai na ga Kaka ta gyara zama, ta miƙe bayanta daga matashi, abin da ban ga ta yi ba tun dawowarta daga asibiti. Ta ce wannan gafiya ce da ta je koyon sana'a. Ta bi aikin da ido kamar mai duba leburori, tana cewa ga shi nan tana toshe ƙasa kafin sama, da kakanka ya gan ta da ya ɗauke ta aiki. Da shirin ya ƙare ta koma ta jingina, ta ce irin waɗannan sai ƙasashen da Allah Ya ba koguna. A Jidda ko kyanwa ba ta haƙa wa kanta rami.

Nan bakina ya riga hankalina. Na ce ai a Abhur, can bakin teku, akwai ƙaguwa mai gina hasumiya.

Gaskiya ce, ko in ce tushenta gaskiya ne. Baba direba ne a gidan wasu mutane a Abhur, kuma ya taɓa kai ni wani bakin bahar can bayan manyan gidajen, inda ba fitila ba masu sayar da komai. Na ga 'yan tulin yashi masu tsini a jere, kowanne da rami a gefensa, Baba ya ce masunta sun gaya masa aikin ƙaguwa ne. Da na tsaya a nan da lafiya. Amma na ce hasumiyar ta kai ƙuguna, har da tagogi, wata ma da baranda.

Kaka ta yi dariya har ta riƙe gwiwar. Da Baba ya dawo ta tambaye shi, shi kuwa mutum ne da ko sunansa ka tambaya sai ya ce in sha Allah. Ya ce tulin yashi dai ya gani, amma bai taɓa ganin mai yin sa ba. Haka mahaifina ya sayar da ni a gaban jama'a.

"To maigida," in ji Kaka, "kawo min hotonta da ƙasa a hannu tana gini. In na gani, ni kuma in sauka benen nan da ƙafata in je in gaishe ta."

Umma tana kicin, amma na ji cokali ya daina motsi a tukunya. Ta leƙo ta ce ita shaida ce. Ta dube ni irin kallon da ba ta taɓa yi mini ba, kallon wanda ake sa wa rai. Sai na ji abin ya tashi daga wasa.

Na shiga bincike a waya, in ga yadda masu ɗaukar hoton ƙundus ɗin nan suke yi, tunda duk magina ne. Dokokinsu kamar an rubuta su don a hukunta ni. Ka sa tufafi marasa haske. Ka kwanta ƙasa. Kada ka yi motsi, kada ka yi magana, ka jira. Ni da ko a wajen likitan haƙori sai da ya roƙe ni in yi shiru, alhali hannunsa na cikin bakina. Duk da haka na yi ta gwaji da kyanwoyin unguwa, har wata ta saba da ni ta hau bayana ta yi barci.

Shirina shi ne ranar Juma'a da yamma mu tafi ni da Baba kawai. Kuskurena ɗaya: na ambaci bahar muna cin abinci. A danginmu ba a zuwa bahar mutum biyu. Abin kunya ne, kamar ka yanka rago ka rufe ƙofa. Umma ta bugo wa Gwaggo, Gwaggo ta bugo wa Baffa, Baffa ya gaya wa duk wanda ke da kunne. Ranar Juma'a na leƙa ƙasa na ga motoci a jere kamar za a kai amarya. Darduma, tukunyar shinkafa, buhun gawayi, tarmus ɗin shayi manya da ƙanana, yara kuwa har da waɗanda ban san na waye ba. Na fito da tsohuwar rigata mai ruwan toka, Umma ta ƙwace ta, ta miƙo mini farar jallabiya da ta sha guga da turaren wuta. Ta ce ba ɗanta ne zai fita kamar mai wankin mota ranar Juma'a ba. Wata maƙwabciya ta zo ta zauna da Kaka, muka tafi, ina ta walƙiya ina ƙamshi.

Dole in gabatar da Baffa, ƙanin Baba. A unguwar masana'antu yake aiki, tsakiyar injuna, shekara da shekaru, har muryarsa ta saba da gasa da ƙarfe. In ya yi maka raɗa a bakin bahar, mutanen Sudan da ke ɗaya gefen suna iya amsawa. Mutumin kirki ne, kuma ya ɗauki maganar hoton nan da zafi fiye da kowa, abin da ya ƙara mini tsoro.

Da muka isa, ga hasumiyoyin nan reras, sun fi yadda na tuna yawa. Tsayinsu bai wuce tafin hannu ba, ba taga ba baranda, amma suna nan, masu tsini, kowace da inuwarta. Kafin in buɗe baki yara sun far musu da ƙafa kamar an sa su kwangilar rusau. Gwaggo ta duba ta ga wurin ramukan ya fi laushi, ta shimfiɗa babbar darduma a kai. Baffa ya durƙusa bakin wani rami, ya zura ido, ya daka kira wai mai gida ya fito a ɗauke shi hoto. Da ba a amsa ba ya tsiyaya masa ɗan shayi, wai ko baƙunta za ta fito da shi.

Na tattara jallabiyata na yi nisa da su. Na sami rami mai sabuwar hasumiya, na kwanta rub da ciki, na kafa waya a kan yashi, na jira. Ban daɗe ba na ga wasu 'yan sanduna biyu sun ɗago daga ramin, idanu ne a bisansu. Na kai yatsa kan wayar. Sai na ji ƙasa na rawa, ga ƙanwata ta sheƙo da kofin shayi, wai Umma ta ce kada ya huce. Idanun suka nutse.

Abin da masu ƙundus ba su rubuta ba ke nan, don ba su da dangi irin nawa. A wurinmu in an ga mutum ya ware shi kaɗai ya yi shiru, to ko ba shi da lafiya ko an ɓata masa rai, kuma duk biyun maganinsu abinci ne. Bayan shayi aka aiko shinkafa. Bayan shinkafa Gwaggo ta zo da kanta ta taɓa goshina. Baffa ya kawo tsire a takarda, ya zauna kusa da ni don ya taya ni yin shiru, yana ba ni labarin yadda ya iya shiru. Wani dattijo mai kamun kifi ya ji Hausa, ya ratso ya gaishe ni, ya tambayi gida da gajiya da mutanen Hindawiyya, ni kuma ba yadda za a yi in amsa wa babba ina kwance, sai na tashi na durƙusa. Kafin rana ta faɗi na ƙoshi kamar ranar Salla, kuma na ɗauki hoton rami daga kowace kusurwa.

Magariba ta yi, Baba ya kira salla. Muka ja darduma zuwa busasshen yashi muka yi sahu, maza gaba mata baya, bahar a bayanmu, fuskarmu wajen Makka. Baba yana karatu a hankali kamar yadda yake komai. Yaran ma suka nutsu, don Gwaggo na sahun baya kuma kowa ya san tsawon hannunta. Wannan ne karo na farko tun isowarmu da wurin ya ji ƙarar ruwansa.

A zaman tahiyar ƙarshe, idona na kan gaban darduma, sai yashi ya motsa. Ta fito. Launinta launin yashin ne sak, in ba ta motsa ba ba ka ganin ta. Ta rungumo ƙasa da ƙafafun gefe ɗaya kamar mace ta ɗauko wanki, ta tafi a karkace, ta hau tulinta, ta sauke, ta daddanna, ta koma. Ta sake fitowa da wani kaya. Can gefe wata ma ta fito, sai wata. Waya na aljihuna tana ƙona mini cinya. Ban taɓa jin tahiya mai tsawo da gajarta a lokaci ɗaya irin wannan ba.

Da aka yi sallama kowa ya zauna yana tasbihi. Na zare wayar a hankali kamar mai cire ƙaya. Na daidaita. Daidai lokacin Baffa ya hango ta, ya miƙe ƙafa don ya zungure ni, ya yi mini raɗa cewa ga ta nan. Raɗar ta kori duk wata ƙaguwa daga nan har garin Yanbu mai nisa.

Hoto ɗaya na samu. Akwai tulin yashi, ya fito tsaf. Akwai wani abu kamar an shafa yatsa a gilashi. Sauran rabin hoton kuwa babban yatsan ƙafar Baffa ne.

Washegari aka taru a ɗakin Kaka kamar kotu. Baffa ya rantse ya gani da idonsa, Baba ma ya ce wannan karon ya gani, bai ko ce in sha Allah ba. Kaka ta ce ba ta karɓar shaidar mutanen da suka ci shinkafa tare da mai ƙara. Ta sa tabarau, ta karɓi wayar, ta matso da ita ta nesanta.

"Wannan yatsan na san shi, ni na haife shi," ta ce. "Ƙaguwar fa?"

Na nuna mata shafaffen wurin. Ta ce wannan ko aljani ne sai an yi masa tambaya. Alkawari da ƙasa a hannu aka yi, ita ba ta ga hannu ba balle ƙasa. Ta miƙo mini wayar. Umma ta tashi ta koma kicin.

Da kowa ya watse na zauna a bakin gadon ina jujjuya wayar. Can sai Kaka ta tambaye ni, idonta na kan talabijin, wai in ta kai ƙasar sama zubawa take yi ko dannawa. Na ce dannawa. Ta tambayi ta wane gefe take hawa, da ko daga cikin ramin take ɗebo ƙasar ko daga waje. Na gaya mata abin da na gani daidai yadda na gan shi. Na ce hasumiyar ba ta wuce tafin hannu ba, kuma wani lokaci rabin kayan yana zubewa a hanya sai ta koma ta sake. Na ce ba ta fitowa sai kowa ya zauna cik, shi ya sa sai a salla muka gan ta.

Kaka ta juyo ta dube ni da kyau. Ta ce yau miyar ba gishiri. Sannan ta ce matsalarmu ɗaya ce, duk gidan nan ba wanda ya iya zama.

"Ni kuwa wata da watanni ina koyon sa," ta ce. "Miƙo min sandata, maigida. In na bar ku, yatsun Baffanka za ku yi ta kawo min har su ƙare."

Ba a ranar ta sauka ba. A ranar bakin ƙofa ta kai, ta leƙa matakalar, ta faɗa wa wanda ya gina ta maganganun da ba zan rubuta ba, ta koma. Washegari ta taka kaɗan. Ni ke gaba ina saukowa da baya, hannunta a kafaɗata, Umma a bayanta riƙe da gefen zane. Wata rana gwiwar ta kumbura ta ce ta fasa, ƙaguwa ta ci kanta. Gari ya waye ta sake neman sanda. Abin da ya taimake mu shi ne maƙwabta. Kowane hawa ta kai sai ƙofa ta buɗe, a fito da kujera, a yi gaisuwa, a kawo shayi. Gaisuwar da ta hana ni hoto ita ta zama mata wurin hutu. Ranar da ƙafarta ta taɓa titi, mai shagon da ke ƙasan benen ya fito yana tafi, ita kuwa ta dubi hankakan da ke kan kwandon shara ta ce har yanzu dai suna nan.

Juma'ar da muka koma Abhur ta ce mutum uku kawai za su je. Motoci suka fi na farko yawa. Amma wannan karon akwai mai mulki. Ta sa aka shimfiɗa darduma can kusa da motoci, ta ja layi a yashi da sandarta, ta ce duk wanda ya tsallake shi da kofi ko faranti ita da shi ne. Baffa ta ba shi aikin tsire, ta ce ya juya wa bahar baya. Ni kuma da kanta ta ce a bar ni da rigata mai ruwan toka.

Muka taka a hankali har wurin hasumiyoyin, tana nishi tana dogara sanda. Na kafa mata kujerar roba, ta zauna, ta soke sandar a yashi kusa da wani rami, ta ɗora hannu biyu a kai. Daga nan ta zama dutse. Ko ƙiftawa ban ga tana yi ba. Na kwanta a gefen ƙafarta. Da ƙuda ya sauka a kunnena na ɗan motsa, sai na ji tafin ƙafarta a bayana, ƙafar da aka yi wa aikin, ta danne ni da ita. Ƙarfin da na ji ya isa a kai wa likita rahoto.

Rana ta yi ja. Idanun nan biyu suka ɗago, suka dube mu, suka daɗe suna shawara. Sai ta fito da kayanta a rungume, ta zagaye gindin sandar Kaka kamar dama can a nan aka shuka ta, ta hau, ta sauke, ta daddanna. Na yi ta danna waya ni ma. Yawancin hotunan yashi ne da sama, amma ɗaya ya fito: ƙaguwa a tsakiyar hawa, ƙasa a hannu, ga gindin sanda a gefe.

Kaka ba ta nemi ganin hoton ba. Ta kalli aikin har aka kai kaya da yawa. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta ce harsashin bai yi faɗi ba, iska ɗaya za ta kwashe shi. Amma dannawar nan, in ji ta, haka kakana yake yi da bayan cokalin gini in ya ɗora bulo. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce yashi ne. Ban ƙara gishiri ba, ban rage ba.

Sai ta tuna alkawarinta. Ta ɗan sunkuya, ta gyara murya.

"Sannu da aiki," ta ce.

Ƙaguwar ta watsar da kayan ta faɗa rami. Kaka ta ce ba ta da tarbiyya, amma magina dama haka suke in suna kan aiki. Ta miƙo mini hannu na tashe ta, muka nufi darduma, inda Baffa ke ta yi mana raɗar cewa tsire ya yi.

Yanzu kusan kullum da yamma sai ta sauka, ta zauna a ƙofar shago tana duba ginin da ake yi a tsallaken titi, tana gaya wa leburorin kurakuransu da Hausar da ba sa ji. Kwanan baya ta tambaye ni ko ƙasar gafiyar nan mai sana'a tana da nisa. Na ce ina, nan bayan garin Ɗa'if ne kaɗan, in mun tashi da safe mu yi azahar a can. Ta ce in sauke hannu, gishirin ya yi yawa, amma dai in bincika mata ko suna da matakala.